Farin daɓen da ke ƙarƙashin filin kiwo na hamada: wane aji zan saka wannan ƙasa?

Ɗalibin Ƙasa:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aikin kammala digiri ne a kan ƙasar wani filin kiwo na hamada, kuma na zo inda na cije. Ruwan saman da wurin ke samu a shekara bai kai milimita 200 ba, ciyawarsa tsilli-tsilli ce, sai gajerun itatuwan ƙaya nan da can. Rami biyu na haƙa, ga abin da na gani.

Na farko a kan wani shimfiɗaɗɗen tudu yake. Samansa tsakuwa ce jere reras, ta yi baƙi-baƙi tana ɗan sheƙi, da ƙyar kake ganin ƙasa a tsakaninta. Da na kwashe tsakuwar sai na tarar da wata lallausar ƙasa fara-fara mai kaurin santimita 4. Idan ka ɓantaro ta za ka ga ƙananan huji birjik a cikinta, kuma babu tsakuwa ko ɗaya. Daga nan zuwa santimita 20 launin ƙasar ja-ja ne mai haske, yashi ya fi yawa amma tana ɗan kama hannu idan an jiƙa. Daga 20 zuwa 42 sai fari ya fara bayyana, da farko zare-zare, can ƙasa kuma dunƙule-dunƙule, har duwatsun da ke ciki duk gindinsu ya yi fari. A santimita 42 diga ta ƙi shiga. Wani farin abu ne mai tauri kamar daɓen siminti, samansa sumul. Saiwoyin da suka iso kansa duk sun kwanta sun bi gefe, sai 'yan kaɗan da suka sami tsaga suka kutsa.

Rami na biyu a kan tudun rairayi yake, ba nisa da na farko. Na haƙa har mita ɗaya da rabi, yashi ne zalla daga sama har ƙasa, launi bai sauya ba, babu wata shimfiɗa da za ka nuna da yatsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ciyawa ta fi yawa a nan, ta fi tsayi, alhali ni a ganina ƙasar farko ce ta fi kama da ƙasar kirki.

Tambayoyina: shin duka biyun Aridisol ne, wato babban ajin ƙasar busassun yankuna a tsarin rarraba ƙasa na Amurka, tunda hamada ɗaya suke? Ta farkon, wane ƙaramin aji take? Mene ne wannan farin daɓen, kuma daga ina ya zo, tunda ban ga dutsen alli ko ɗaya a kewayen ba? Sannan me wannan ke nufi ga kiwo? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Aji Uku:

Wa alaikumus salam Yaya. Mu dai abin da muka riƙe shi ne ƙasar hamada Aridisol ce, ka rubuta haka ga duka biyun ka huta. Farin abun kuma ina jin gishiri ne, don ƙasar da ba ta samun ruwa gishiri take tarawa.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam. Ɗalibi, ka yi aiki mai kyau, bayaninka ya fi na wasu da suka daɗe a harkar. Kai kuma Ɗan Aji Uku, a yi hattara, wannan amsar tana kayar da mutane a jarrabawa.

Tsarin rarraba ƙasa na Ma'aikatar Gona ta Amurka, wanda aka fitar a 1975 aka kuma sake bugawa a 1999, yana da manyan aji 12. Kafin ƙasa ta shiga ajin Aridisol sai ta cika sharaɗi biyu, kuma mutane na farkon kawai suke riƙewa. Na farko bushewa ce: a yawancin shekaru, sashen ƙasar da ake auna danshinsa ya kasance a bushe ƙayau fiye da rabin kwanakin da zafin ƙasa a zurfin santimita 50 ya haura digiri 5 na Salshiyas, kuma kada ya riƙe danshi har kwana 90 a jere a lokacin da zafin ya haura digiri 8. Ma'ana, a lokacin da tsiro zai iya girma, ruwan ne babu. Na biyu, dole a sami wata shimfiɗa a ƙarƙashi da ke nuna ƙasar ta daɗe tana ginuwa: tarin alli, ko jifsam (wani farin ma'adini mai laushi), ko gishiri, ko yumɓun da ya sauko daga sama, ko daɓen silika (sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi), ko aƙalla sauyin launi da tsari.

Raminka na biyu ya cika sharaɗin farko, bai cika na biyu ba. Yashi ne da iska ta tara, bai zauna ya yi shekarun da zai fitar da shimfiɗa ba. Wannan Entisol ne, ajin ƙasar da ba ta kai ga fitar da shimfiɗa ba, a rukunin da ake kira Torisament, wato yashin busasshen yanki. Don haka ne ma Aridisol ba ta wuce kimanin kashi 12 cikin 100 na doron duniyar da ƙanƙara ba ta rufe ba, alhali busassun yankuna sun fi haka faɗi. Tudun rairayi, da gangaren duwatsu, da bakin kwazazzabon da ambaliya ke zuba wa sabuwar ƙasa, yawancinsu Entisol ne.

Ramin farko shi ne abin zance. Aridisol tana da ƙananan aji bakwai, kuma ba zaɓa ake yi ba, bi ake yi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fara dacewa shi ne naka. Kirayid ta hamada mai tsananin sanyi ce, ka wuce ta. Sai Salid mai gishiri, sai Durid mai daɓen silika, sai Jifsid mai jifsam, sai Arjid mai tarin yumɓu, sai Kalsid mai alli, ta ƙarshe Kambid wadda ginuwarta ba ta yi nisa ba. Bisa abin da ka faɗa, zare-zaren fari da dunƙule-dunƙule da farin gindin duwatsu, ni na fi karkata ga Kalsid. Tunda kuma daɓen ya taurare kuma yana cikin santimita 100 na sama, rukuninta Feturokalsid ne. Amma wannan hasashe ne daga nesa, sai ka ɗiga masa asid ka gani.

Yanzu ga tambayarka da ta fi burge ni: daga ina allin ya zo tunda babu dutsensa a wurin? Daga sama ya zo. Ƙurar hamada tana ɗauke da kalsiyam, ruwan sama ma yana ɗauke da ɗan kaɗan. Idan ruwa ya sauka sai ya haɗu da iskar da saiwoyi da ƙananan halittu ke fitarwa a cikin ƙasa, ya narkar da allin ya sauka da shi. A ƙasar da ake ruwa sosai, haka zai yi ta tafiya da shi har ya kai ruwan ƙarƙashin ƙasa. A hamada kuwa ruwan ba ya wuce wani ɗan zurfi, nan yake tsayawa, saiwoyi su zuƙe shi ko zafi ya busar da shi, allin ya zauna. Baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka. Shi ya sa zurfin da alli ke taruwa yake ba ka labarin inda ruwa ya saba kaiwa.

Wani masani mai suna Leland Gile da abokan aikinsa, da suka yi dogon bincike a hamadar kudancin jihar New Mexico ta Amurka, sun kasa wannan taruwa mataki huɗu a 1966. A matakin farko zare-zare ne da ɗan shafe a gindin duwatsu. A na biyu dunƙule-dunƙule. A na uku allin ya cike kusan duk kafofin ƙasar ya toshe ta. A na huɗu, tunda ruwa ya daina wucewa, sai ya riƙa kwanciya a kan abin da ya toshe yana bushewa, yana barin siraran shafe ɗaya bisa ɗaya. Sumul ɗin nan da ka taɓa a saman daɓen, shi ne. Ƙasa ba ta kai wannan mataki a cikin shekara ɗari ko dubu ɗaya, maganar dubban shekaru masu yawa ake yi, wani wuri har dubu ɗari da ɗoriya. Tudun da ka tsaya a kai tsoho ne ƙwarai.

Tsakuwar sama ma tana gaya maka haka. Da ana cewa iska ce ta kwashe lallausar ƙasa ta bar tsakuwa, kuma a wasu wurare hakan na faruwa. Amma binciken da aka yi a hamadar Mojabe ya nuna wata hanya: tsakuwar tana kama ƙura, ruwa ya wanke ƙurar zuwa ƙarƙashinta, ƙurar ta yi ta taruwa tana ɗaga tsakuwar sama. Shi ya sa ka sami lallausar ƙasa marar tsakuwa daidai ƙarƙashin jerin. Hujin da ke cikinta kuma iska ce da ke maƙalewa duk lokacin da ƙasar ta jiƙe ta bushe. Baƙin da ke sheƙi a jikin tsakuwar shafen manganis ne da ƙarfe haɗe da yumɓu, shi ma a hankali yake taruwa.

Ka auna kaurin daɓen. Ana so ya kai santimita 10, kuma tsagar da saiwa ke bi ta kasance da tazarar santimita 10 ko fiye, kafin a ɗauke shi a matsayin taurarren daɓen da ke sa ƙasa a Feturokalsid.

Mai Ɗakin Gwaji:

Allah ya gafarta Malam, bayani ya yi. Ni dai zan ƙara abin da nake gani idan an kawo mana irin wannan ƙasa, don ƙanina kada ya rubuta Kalsid tun kafin ya tabbatar. Fari a cikin ƙasar hamada iri huɗu ne, kuma ido kaɗai ba ya raba su.

Ka sami asid na haidurokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ka ɗiga wa kowace shimfiɗa daban. Alli yana tafasa ya yi kumfa. Jifsam ba ya kumfa, kuma farce yana karce shi. Gishiri yana narkewa a ruwa, ka kuma ji shi a harshe. Sai na huɗu wanda ya fi yaudara, silika. Daɓen silika sau da yawa yana da alli a jikinsa, don haka zai yi maka kumfa ka ɗauka ka gama. Hanyar raba su ita ce ka fasa gutsure, ka bar shi ya bushe, ka jiƙa ɗaya a ruwa ɗaya a asid, kana sabunta asid ɗin idan kumfa ta mutu. Idan bai rugurguje a ruwa ba, lallai ya taurare. Idan ya rugurguje a asid, alli ne ya ɗaure shi. Idan kuwa fiye da rabinsa ya tsaya daram bayan ya daɗe a asid, silika ce, kuma ajinka ya koma Durid, tunda ita ke gaba a jeri.

Abu biyu da ke ɓata sakamako. Kada ka busar da samfurin da kake zargin akwai jifsam a cikinsa a zafin digiri 105 yadda aka saba, domin jifsam yana da ruwa a ginin jikinsa, zafin zai kore shi lissafinka ya karkace. Na biyu, kafin a auna yawan yumɓu a cire allin tukuna. Lallausan alli yakan shige cikin lissafin yumɓu, sai mutum ya ga kamar yumɓu ya taru a ƙasa alhali babu.

Shi kuma Ɗan Aji Uku da ya ce gishiri: ma'aunin Salid yana da tsauri. Sai ƙarfin gishirin ya kai 30 dS/m, wato ma'aunin gishirin ƙasa, a shimfiɗa mai kaurin santimita 15 ko fiye. Manomi tun daga 4 yake fara kuka. Wato ƙasa za ta iya cutar da amfanin gona da gishiri ba tare da ta kusanci wannan aji ba. Irin wannan ma a kwari ake samunta, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa yana hawowa yana bushewa, da wuya a kan tsohon tudu.

Idan mai duba aikinka tsarin WRB yake so, wato tsarin rarraba ƙasa na duniya, wanda ke da rukuni 32 kuma bugunsa na huɗu ya fito a 2022, kada ka nemi Aridisol a ciki, babu ita. Wannan tsari ba ya rarraba ƙasa bisa yanayin sama. A can ramin farko Kalsisol ne mai taurarren daɓe, na biyu Arenosol. Tsohuwar taswirar ƙasa ta FAO, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da Yamosol da Zerosol na busassun yankuna, amma an cire su tun gyaran 1988, don haka in ka gan su a tsohon littafi kada ka kwafa.

Ɗalibin Ƙasa:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Na koma na gwada. Lallausar ƙasar sama ta yi 'yar kumfa kaɗan, daga santimita 20 zuwa ƙasa kuwa tafasa take yi sosai. Gutsuren da na jiƙa a ruwa yana nan yadda yake, wanda ke cikin asid ya rugurguje ya zama gari da tsakuwa. Na fasa daɓen da kurfi da guduma har santimita 25 ban huda shi ba. Ban ji gishiri a harshe ba, amma na ba da samfur a auna. Saura maganar kiwo, don har yanzu ban gane dalilin da yashi zalla zai fi ciyawa ba.

Jami'in Kiwo:

Ɗan'uwa, wannan da ka gani ba kuskuren ido ba ne, haka abin yake a busasshen yanki. Inda ruwa ke da yawa, ƙasa mai laushi ta fi yashi albarka. Inda ruwa ya yi ƙaranci sosai sai abin ya juye. Yashi yana shanye ruwan nan take, ya sauke shi can ƙasa inda rana ba ta kai wa, sannan samansa ya bushe ya zama murfi. Ɗan abin da ya riƙe kuma ba ya matse shi, saiwa tana zuƙa cikin sauƙi. Ƙasarka ta farko kuwa, wannan lallausar shimfiɗa mai huji da Malam ya yi bayani, ba ta barin ruwa ya shiga da sauri. Ruwan hamada kuma da ƙarfi yake zuwa ya wuce. Kafin ya nutse ya riga ya gangare. Ɗan wanda ya shiga yana tsayawa kusa da sama, kwana kaɗan rana ta ɗauke shi.

Ka bi gangaren wannan tudu ka ga inda ruwan ke zuwa. Za ka tarar da wani lungu ko 'yar ƙorama inda ciyawa ta yi dandazo. Tudun da kake gani kamar banza, shi ke shayar da wannan wurin. Ni idan ina lissafin abin da fili zai ɗauka na dabbobi, ba na raba su.

Game da daɓen, kowa ya san yana tare saiwa, santimita 42 kawai tsiro yake da shi. Amma ba sharri ne zalla ba. Yana hana ɗan ruwan da ya shiga tserewa, kuma binciken da aka yi a hamadar Chihuahua ya nuna shi kansa daɓen yana iya shan ruwa ya riƙe, ya daɗe da danshi bayan ƙasar sama ta bushe. Itatuwan da saiwarsu ke bin tsaga suna cin moriyar wannan a lokacin fari. Matsalar ita ce in ƙasar da ke samansa ta tafi. Santimita arba'in ba ta da wuyar zaizayewa, kuma in daɓe ya fito fili, an gama da wurin, ba a zamaninka ba, ba a na jikokinka ba.

Yadda abin ke lalacewa kuwa sananne ne. A tsakanin tsirrai akwai wani ɓawo mai duhu da ƙananan halittu ke yi, dangin gansakuka, yana ɗaure ƙasa, wasunsu ma suna sa mata naitirojin. Idan ya bushe, kofato yana farfasa shi, tayar mota ta fi muni, kuma farfaɗowarsa shekaru take ci. In aka cinye ciyawa mai daɗewa har gindi, iska da ruwa sai su riƙa kwashe ƙasa daga fili suna tarawa a gindin itatuwan ƙaya. Gindin itacen ya yi taki, tsakani ya zama fako. A tashar binciken kiwo ta Jornada da ke New Mexico, wadda aka kafa a 1912, an bi diddigin yadda filayen ciyawa suka koma na ƙaya ta wannan hanya, bayan kiwo mai nauyi ya haɗu da fari, kuma janye dabbobi kaɗai bai dawo da ciyawar ba a wurare da yawa.

Don haka kada a kafa mashaya a kan irin tudun nan, domin duk inda ruwa yake nan kofato ke taruwa. Tudun rairayin ma da ya fi ciyawa ba a sake masa garke yadda aka ga dama, saiwar ciyawar ce kaɗai ke riƙe da shi, in ta tafi yashin zai tashi. Mai tunanin noman rani a ƙasar farko kuma ya sani cewa alli yana kai pH, ma'aunin tsamin ƙasa, wajen 8, wato ɓangaren kanwa, yana ɗaure fosfaras da ƙarfe da zinki, ganye ya yi rawaya, ruwan ban-ruwa kuma ya kwanta a kan daɓe ya tara gishiri.

Malam, a gafarce ni, amma sunan aji shi kaɗai bai taɓa gaya mini awaki nawa fili zai ɗauka ba. Zurfin daɓe da yanayin saman ƙasa nake fara tambaya.

Tsohon Malami:

Ba mu saɓa ba, Jami'i. Zurfin da kake tambaya yana cikin sunan, in an rubuta shi cikakke har matakin iyali, wanda ke ƙasa da ƙaramin rukuni: daɓen da bai kai santimita 50 ba, ana ƙara wa ƙasar kalmar da ke nuna marar zurfi ce. Laifin masu tsayawa a rabin suna ne.

Ɗalibi, gwajinka ya kore Durid, in sakamakon gishiri ya fito ƙasa ya kore Salid, ka zauna a Feturokalsid. Abu biyu suka rage maka. Ka sa a auna allin da ke tsakanin santimita 20 da 42. Kaurinsa ya riga ya wuce 15 da ake nema, in allin ya kai kashi 15 cikin 100 to shimfiɗar alli ce a kan daɓe, ƙaramin rukuninka Kalsik ne, in bai kai ba Tifik, wato na gama-gari. Akwai sassauci ga ƙasa mai yashi da yawa, don haka ka duba sakamakon yumɓunka kafin ka yanke. Sannan ka nemo matsakaicin zafin ƙasa na shekara a zurfin santimita 50: shi ma yana shiga sunan, daga digiri 15 zuwa ƙasa da 22 ajin zafi ɗaya ne, daga 22 zuwa sama wani ajin ne. In ba ka da ma'aunin da aka binne, ka ɗauki matsakaicin zafin iska na tashar yanayi mafi kusa ka yi kiyasi da shi, amma ka faɗa a rubutunka cewa kiyasi ne. Ka kuma mayar da ƙasar ramukan nan kafin raƙumin wani ya karye a ciki.